Amfilifayar wani dattijo a Samaru da wahalar neman bawul huɗu

Maganar nan a kan amfilifaya ɗaya ce tak, Dynaco ST-70, ta wani dattijo tsohon malamin jami'a da ke zaune a Samaru ta Zariya, abokin mahaifina ne shi yasa nake ce mishi Baba. Ya taho da ita daga Amurka lokacin da ya je ƙaro karatu cikin shekarun 1970, kuma ko a lokacin ta hannu ya saye ta. Kamfanin David Hafler da ke Filadelfiya ne ya fito da samfurin a 1959, wat 35 kowane ɓangare, kuma an sayar da sama da 300,000, shi yasa har yau ake cin karo da ita a gidajen mutane. Bawul bakwai ne a jikinta, EL34 guda huɗu masu tura sifika, 7199 guda biyu masu ɗaga sauti tun yana ƙarami, sai GZ34 ɗaya mai gyara wutar da sauran ke ci. Ga wanda bai taso ya tarar da irin kayan nan ba, bawul kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta kaf, da ƴar waya a tsakiya da ke ɗaukar zafi, shi ke aikin da taransista ya zo ya karɓe daga baya. Kuma yana tsufa, ƙarfinsa na raguwa da yawan aiki, dole wata rana a canja shi.

Abun da ya faru da ta Baba, yana cikin sauraron faifai da yamma sai sifikar hagu ta fara gurnani, ya leƙa ta cikin ragar murfin ya ga ƙarfen cikin EL34 ɗaya ya yi jawur, ba ɗan jan nan na waya da aka saba gani ba, ƙarfen ne gaba ɗaya, kafin ya kai hannu ya kashe fis ya tsinke. Jikansa ya kai ta wajen wani mai gyara, shi kuma ya samo tsohon EL34 daga amfilifayar lasifika irin ta masallaci ta da, ya cusa a gurbin wanda ya ƙone, ya sa fis mai kauri fiye da na am 3 da ya kamata, ya kunna ya ji tana magana ya ce an gama. Ba a daɗe ba shi ma sabon ya yi jawur ya bi ɗan uwansa. A nan ne Baba ya kira ni, don ya san gyaran kayan sauti nake yi a Sabon Gari kuma ina da sha'awar tsofaffin nan. Ya ce min ɗana, ka nemo min bawul huɗu ko nawa ne, na ce Baba a yi haƙuri tukun a bari in buɗe ta, bawul ba ya ƙonewa sau biyu a rami ɗaya haka kawai.

Toh kafin in shiga ciki bari in faɗi wannan don kar wani ya karanta ya ɗauko sukundireba. Akwai sama da bolt 400 a cikin amfilifayar nan, kuma kafasita na riƙe wutar ko bayan an zare ta daga soket, tana iya kashe mutum, sai an sauke wutar an gwada da mita kafin a sa hannu. Sannan ba a kunna amfilifayar bawul babu sifika a jone, taransifomar fitar da sauti ce za ta tafi, ita kuma ta fi bawul huɗun nan wuyar samu nesa ba kusa ba.

Abu uku na tarar, duk aikin shekaru ne. EL34 yana buƙatar wata ƴar wuta negatif a ƙafarsa ta biyar, bolt 30 da wani abu, ita ake cewa bayas, ita ke riƙe shi kar ya sha wuta fiye da ƙima, in ta ragu sai ya yi ta zuƙa har ƙarfensa ya yi ja. A ST-70 wani ɗan rektifaya na seleniyom, wato abun da ke maida wuta ta bi hanya ɗaya, shi ne ke samar da ita, na Baba ya gaji, wutar da yake bayarwa ta yi ƙasa har an murɗa maɓallin bayas ɗin zuwa ƙarshe. Na biyu, ƙaramin kafasitan da ke kai sauti ga bawul ɗin da ke ƙonewa yana yoyon wuta, yana ƙara cinye ɗan negatif ɗin da ya rage. Na uku ramukan soket ɗin sun saki, ga ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare a ciki, in ka ɗan girgiza bawul sai ka ga allurar mita ta yi tsalle. Kayan gyaran duk a nan Sabon Gari na samu ban da kafasita masu ɗaukar bolt 600 da sai da na sa aka kawo daga Kano, kuma dayod 1N4007 da na sa a madadin seleniyom kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba. Abun da ya ci wa Baba bawul biyu ke nan.

Sai aka zo neman bawul, nan ne aikin yake. Na fara da cikin gari don Baba ya dage wai a zamaninsu kowane shagon rediyo da su. Na bi Sabon Gari, na bi PZ, yaran shago wasu ko sunan ba su taɓa ji ba, wani ya miƙo min ƙwan fitila. Daga ƙarshe aka kwatanta min wani tsohon mai gyaran rediyo a Tudun Wada da ya daina aiki saboda ido. Na gaishe shi na ce Malam bawul nake nema, ya yi dariya ya sa jikarsa ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, kowane bawul an naɗe shi da tsohuwar jarida da ta koma ruwan ƙasa, yana ɗauka yana shafawa da babban yatsa yana faɗin lambar kafin ma in karanta. ECH81, EABC80, EL84 na rediyoyin Grundig da Philips, sai PCL82 da PL504 da PY88 na talabijin mai baƙi da fari. EL34 biyu kacal ne a ciki. Ɗaya na ɗaga shi a hasken ƙofa na ga azurfar nan da ke saman kwalbar ta koma fara fat, wato iska ta shiga, ya mutu ke nan ko da kwalbar ba ta nuna tsagewa ba. Ɗayan da rai amma ya raunana. Malam ya ce in ɗauka kyauta, na ce a'a Malam sai dai a karɓi na goro. Kwalin nan dukiya ce ga mai tsohon rediyo, kuma ina jin akwai irinsa da yawa a Zariya da magada ke zubarwa a bola don ba su san mene ne ba, abun yana damuna wallahi. Amma matsalar Baba bai warware ba.

Dalili kuwa, EL34 bibbiyu suke aiki a kowane ɓangare, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kuma a ST-70 maɓallin bayas ɗaya ne ke kula da su biyun, ba za ka iya saita kowanne daban ba. Kamar shanun huɗa ne, in ɗaya ƙaƙƙarfa ne ɗaya ramamme, ƙaƙƙarfan ne zai ɗauke nauyin ya gaji da wuri kuma kunyar ta karkace. Mita za ta nuna maka jimillar ta yi daidai alhali ɗaya na shan kashi biyu cikin uku. Shi yasa masu sayarwa ke gwada su su haɗa waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya su rubuta lambar a kwali, kuma shi yasa tsinto ɗaya nan ɗaya can ba ya yi.

Da na koma intanet sai na zauna na yi wa Baba bayanin yadda kasuwar take, don shi a tunaninsa har yanzu RCA da Mullard da Telefunken na nan suna yi. Duk sun daina tuntuni, masana'antar Mullard ta Blackburn a Ingila tun farkon shekarun 1980 ta bar yin bawul. Masu yin irin na amfilifaya da yawa a duniya yau ba su cika yatsun hannu ba. Akwai masana'antar Saratov a Rasha, wadda Ba'amurken nan Mike Matthews mai Electro-Harmonix ya saya a ƙarshen shekarun 1990, daga cikinta ne Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol da Genalex Gold Lion da sabon Mullard duk suke fitowa, sunaye biyar rufi ɗaya. Akwai JJ Electronic a Sulobakiya da ya gaji injinan tsohon kamfanin Tesla na Cekosulobakiya, ba mai motocin nan ba. Sai China, inda Shuguang na Changsha ya kasance babba kafin ya tsaya da aiki wajen 2019, yanzu su Psvane da Linlai ne ake gani. Amurka kuwa akwai Western Electric a Rossville ta jihar Jojiya, amma 300B suke yi, wani bawul daban da ya fara fitowa a 1938, guda biyu a lokacin kusan dala 1,500, wato sama da naira miliyan biyu, wannan ba layinmu ba ne.

Ka ga ke nan tun da Shuguang ya tsaya kasuwar ta riga ta matse, sai ga yaƙin Rasha da Yukren a Fabrairun 2022. A watan Maris Rasha ta hana fitar da kaya sama da iri 200 kuma bawul ya faɗa ciki, masu amfilifayar jita da masu ta gida suka ruɗe suka yi ta saye suna ɓoyewa, shaguna suka ƙare, wasu suka sa iyaka a kan adadin da mutum ɗaya zai saya. Ba a jima ba aka warware maganar hanin, amma Amurka ta ɗora harajin kashi 35 cikin 100 a kan bawul ɗin Rasha, JJ kuma oda ta yi mishi yawa. Kaya sun dawo kantuna daga baya, farashi ne bai koma inda yake ba.

Mu kuma a nan duka biyu muka sha. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 2024. Na ɗauki biro na yi wa Baba lissafi a bayan ambulan, na ce a ɗauka saitin huɗu dala 100 ne cif kuma bai motsa ba, da naira 46,000 ne, yanzu 150,000, kuma gaskiyar magana saitin da aka gwada ya wuce dala ɗarin, ba a sa kuɗin aike ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Baba ya cire tabarau ya yi shiru, mutum ne mai cin fansho, ko nawa ne ɗin nan da ya faɗa da farko da tsohon farashi ya faɗe shi.

Ana cikin haka jikan nasa ya turo min hotuna a WhatsApp, wani a Legas wai yana da Mullard orijina guda huɗu, a kuɗin da bai kai na sababbin Rasha ba. Yaron ya yi murna sosai kuma ban ga laifinsa ba. Amma tsohon Mullard EL34 na Blackburn da ba a taɓa amfani da shi ba ɗaruruwan daloli ake sayar da biyu, ba wanda zai kawo shi Najeriya ya karyar. Na gaske yana da wasu ƙananan haruffa da aka ƙona a jikin kwalbar can ƙasa, irin su xf2, da harafin B a layin ƙasa mai nuna Blackburn. Sabon Mullard na Saratov shi ma halal ne, kaya ne mai kyau kuma an rubuta a jikinsa cewa a Rasha aka yi. Waɗannan na hoto ba ko ɗaya, sai farin fenti sabo dal. Na ce a tambaye shi lambobin gwaji, ya ce ai suna kamawa duka. Kamawar waya ba ta nuna komai, bawul da ya ƙare tas ma yana haske. Baba da kansa ya ce a bar shi, araha ba ta ado.

A ra'ayina ma, ko da na gasken ne kuma Baba na da kuɗin, ba zan ba shi shawarar sa bawul mai tsadar nan a wutar da muke samu ba. Mutane na ta musu a kan wane ne ya fi daɗin sauti, kuma akwai bambanci ban musa ba, amma bambancin da ke tsakanin sabon JJ da tsohon Mullard bai kai wanda ke tsakanin amfilifaya mai lafiyayyen kafasita da mai ruɓaɓɓe ba, ko kusa.

Saura zaɓi uku, na Rasha, na JJ, ko na China. Na China sun fi sauƙi kuma akwai masu kyau, hanyarsu ma a buɗe take tunda ƴan Kano na lodi daga Guangzhou kullum, sai dai kwalba ce za a jefa cikin buhunan kaya masu nauyi, in ta fashe ba mai biyanka, kuma a kasuwannin intanet ɗin can ba kowane mai cewa ya gwada ya haɗa ne ya yi ba. Ga matsalar biya, a lokacin katin naira ba ya wucewa a shagunan waje, sai mai asusun dala. Abun da ya raba gardama shi ne wani tsohon ɗalibin Baba da ke aiki a Ingila zai zo gida hutun ƙarshen shekara. Muka zaɓi wani shago a can da ke kunna bawul ya bar shi ya yi zafi na sa'o'i kafin ya gwada, ya rubuta lambar kowanne, kuma yana karɓa in ya mutu cikin ƴan watanni. JJ muka ɗauka, ba don ya fi na Saratov ba, shi ne dai ke akwai kuma ya ɗan fi sauƙi. Ɗalibin ya biya da fam ya riƙo su a jakar hannu, da aka juya kuɗin zuwa naira ya ninka mafi ƙarancin albashi sau biyu har da ɗoriya. Ya so ya bar wa Baba kyauta, Baba ya ƙi, suka tsaya a rabi.

Ranar sawa ban yi gaggawa ba. ST-70 tana da rami a gaba da ake sa mita a saita bayas, littafinta ya ce a kai bolt 1.56, an zaɓi lambar ne don ta yi daidai da sabon batirin tocila, mai mitar da bai yarda da ita ba sai ya gwada ta da batir tukun, dabara ce mai kyau ta mutanen da. Bolt 1.56 a kan rezisto mai om 15.6 na nufin miliyam 100 ga bawul biyu, 50 kowanne. In ka ninka da bolt 400 da ɗoriya za ka ga kowane EL34 na ƙona sama da wat 20 yana zaune ba ya komai, alhali iyakarsa wat 25. A zamanin da bawul ke arha a kowane kanti wannan ba damuwa ba ne. Ni na saita a wajen 1.3, miliyam 40 da kaɗan kowanne, na bari ta yi rabin awa na sake dubawa na ɗan gyara. Baba ya sa faifan da ya fi sani ya saurara ya ce shi bai ji abun da ya ragu ba, ni ma ban ji ba, bawul kuwa ya samu sauƙin zafi.

Sai wuta, wadda in ba a gyara ta ba duk wancan aikin banza ne. Amfilifayar ta Amurka ce, bolt 117 da zagayen wuta 60 a daƙiƙa aka yi ta dominsu, mu kuma 230 da 50 muke da su, don haka da taransifomar rage wuta take aiki kuma tata taransifomar na ɗaukar zafi fiye da yadda za ta yi a can, ga zafin bazarar Zariya. Na sa mita a soket ɗin falon na ga da magariba wutar na faɗuwa ƙasa sosai, cikin dare kuma ta haura, kuma in wutar gida ta hau, wutar cikin amfilifaya na hawa tare da ita, bayas ɗin da ka saita da rana ba shi ne na dare ba. Mafi muni shi ne a ɗauke a dawo da ita cikin daƙiƙa biyu bawul na da zafi, nan ne GZ34 ke yin tartsatsi a ciki. Muka sa sitabilaiza, muka ƙara da ɗan akwatin nan da ake sa wa firij mai jinkirta wuta ƴan mintoci bayan ta dawo, na roƙi Baba kar a ƙara kunna ta da ƙaramin janareta. Yana da inbata ta sola mai tsaftatacciyar wuta, amfilifayar na cin wajen wat 190, sauraron awa biyu da yamma ba zai kwantar da batir ba. Na kuma sa aka matsar da ita daga cikin kabad zuwa saman tebur inda iska ke ratsawa, a rufe ta da ƙyalle in ta huce saboda ƙura.

Tsofaffin EL34 biyu na ɓangaren dama da ba su ƙone ba na naɗe su na rubuta dama a jiki, tare suka tsufa don haka za su iya tsayawa a matsayin safaya in wani abu ya faru. Na koya wa jikan yadda ake karanta bayas daga ramin gaba ba tare da buɗe murfi ba, yana dubawa duk wata yana turo min lambar, zuwa yanzu ba ta gusa sosai ba.

Abun da ya rage shi ne 7199. Shi ba kamar EL34 ba ne da ake yi a ƙasashe uku, an daina yin sa gaba ɗaya, sai tsohon ajiya kuma kullum tsada yake ƙarawa. Na hagun Baba ya fara ɗan huci in an kunna kafin ya yi zafi. Mafitar da masu ST-70 ke bi ita ce 6GH8A, bawul ɗin da aka yi da yawan gaske saboda talabijin mai kala a Amurka shi yasa har yanzu yake da arha, sai dai jerin ƙafafunsa daban ne, dole a sa adafta ko a sauya wayoyin soket. Baba ba ya son a taɓa allon asali, don haka adafta za mu nema, guda biyu, da 6GH8A huɗu da GZ34 ɗaya na ajiya. Ɗalibin ya ce sai babbar sallah zai sake zuwa, Baba ya fara ware kuɗin daga fanshon wata-wata.